Ɗige-ɗige uku da ke cinye ƙarshen sunayenmu a waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da jama'a ke ɗauka ƙarami, sai ranar da ya ci musu kuɗi. Ina nufin yadda rubutu ke fitowa a jerin sunaye cikin manhajojin waya: jerin mutanen da ka saba tura wa kuɗi a manhajar banki, jerin shige da ficen kuɗin asusunka, jerin lambobin waya, har da jerin kanun labarai. Ni malamin kwamfuta ne a wata ƙaramar cibiyar koyarwa a nan Sakkwato. Da yamma kuma nakan zauna a rumfar yayana da ke Kasuwar Kara, inda yake dillancin albasa, in taya shi lissafi. Don haka da safe ina tare da masu koyon haɗa manhaja, da yamma ina tare da masu latsa ta cikin rana da ƙura.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu a ƙasar nan sunayen yankanmu ba su da yawa. Ka tsaya a bakin kowane masallaci bayan Juma'a ka kira Abubakar ko Bello ko Aliyu ko Usman, ka ga yawan waɗanda za su waiwayo. Sunan uba ma daga cikin waɗannan ɗin ake ɗaukowa. Abin da ke raba wani da wani shi ne na ukun, wanda galibi sunan gari ne ko unguwa ko laƙabin gida: na Wurno, na Rabah, na Kware, na Gwadabawa, na Illela. Wannan na ukun kuwa a ƙarshe yake zuwa. To mai haɗa manhaja ya ware wa suna layi ɗaya tak, ya umarci waya cewa duk abin da ya wuce faɗin layin ta yanke shi ta sa ɗige-ɗige uku a madadinsa. Bankuna da yawa kuma da manyan baƙaƙe suke rubuta suna gaba ɗaya, su kuwa sun fi ƙanana cin wuri. Sai ka buɗe jerin ka ga ABUBAKAR MUHAMMA... a sama, ABUBAKAR MUHAMMA... a tsakiya, ABUBAKAR MUHAMMA... a ƙasa. An bar maka abin da suka yi tarayya a kai, an cire abin da ya bambanta su.

A kakar albasar da ta wuce yayana ya sayi kaya a hannun wani manomi daga wajen Wurno, aka yi ciniki, aka loda buhuna a mota, saura biya. Mutum ne da suka saba, sunansa na cikin jerin. Yaya ya ɗaga wayar nesa da fuskarsa kamar yadda ya saba yi tun da idonsa ya fara gajiya, ya kare allon da tafin hannu saboda hasken rana, ya latsa sunan, ya sa naira 380,000, ya sa lambar sirri. Manomin ya zauna a kan buhu yana jiran alat. Shiru. Aka ce matsalar sabis ce, a ƙara haƙuri. Sai can Yaya ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai Malam, duba min wanga rasit, wane na cikinsu?" Na duba. Kuɗin sun tafi wajen wani Abubakar Muhammad ɗin daban, direban da ke kai mana kaya kudu, wanda a lokacin yana hanya, wayarsa ba ta shiga. Allah ya sa mutumin kirki ne, washegari ya mayar ba gardama. Amma manomin a Sakkwato ya kwana ba da shirinsa ba, kuma ina ganin fuskarsa a wannan yammacin, ta mutumin da ba ya so ya zargi abokin cinikinsa amma kayansa sun riga sun bar kasuwa. Da a ce baƙo ne kuɗin suka faɗa wa, kowa ya san irin zaryar da ake yi: a je banki, a cika takarda, in mai asusun ya ƙi amincewa wani lokaci sai an kai ga takardar kotu.

Za a ce ai kafin kuɗi su fita ana nuna cikakken suna a shafin tabbatarwa. Haka ne a manhajoji da yawa. Sai dai a can ma da ƙananan haruffa masu launin toka ake rubuta shi, maɓallin amincewa kuwa ƙato ne mai launi mai jan ido. Mutumin da ya riga ya zaɓi suna daga jeri ya yarda a ransa cewa ya zaɓi daidai, yatsansa ba ya tsayawa karatu na biyu. A jerin ake yin kuskuren, a jerin kuma ya kamata a tare shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne na san yadda gyaran yake, kuma ba aiki ne mai wuya ba. A tsarin Android, wanda shi ne a kan Tecno da Infinix da itel da mafi yawanmu ke riƙewa, mai haɗa manhaja layi ɗaya yake tsarawa, waya ta riƙa maimaita shi ga kowane suna a jerin. Duk abin da ya gyara a wannan layi guda, ya gyaru ga sunaye dubu. Yana iya cewa suna ya sauka zuwa layi biyu in ya yi tsawo. Yana iya barin tsayin layin ya bi abin da ke cikinsa maimakon ya ƙayyade masa awo. In ma ya dage sai layi ɗaya, tsarin ya ba shi zaɓin ya sa ɗige-ɗigen a tsakiyar suna, farko da ƙarshe su tsira. A ƙarƙashin sunan kuma ya rubuta sunan banki da lambobi huɗu na ƙarshen asusun, tunda lambar asusu a Najeriya lambobi 10 ke gare ta kuma 'yan kasuwa da yawa da ƙarshenta suke gane ta. Ɗalibina da ya yi wata biyu yana koyo zai iya wannan kafin a kira la'asar.

Na san hujjar da suke kafawa, don ɗalibaina ma sukan kawo ta: in suna ya ci layi biyu, sunaye shida za a gani a allo maimakon tara, kuma tsarin ba zai yi kyan gani ba. Ni dai ban taɓa jin wanda ya yi kukan cewa ya ja allo sama sau ɗaya fiye da yadda ya saba ba. Wanda kuɗinsa suka ɓace hanya kuwa na gan shi da idona. A Kara in za a sa wa buhu alama, da fenti ake rubutawa ɓaro-ɓaro yadda ɗan dako zai hango daga kan mota, ba wanda ke ƙanƙanta rubutun don buhun ya yi kyau.

Sai maganar girman rubutu, wadda ta shafi kusan duk wanda ya haura shekara 40, domin daga nan ne ido ke fara kasa ganin abin da ke kusa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 a kan gani ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, ta kusa ko ta nesa. A kasuwarmu masu tabarau kaɗan ne, masu buƙatarsa kuwa ba iyaka. Masu ƙera tsarin waya sun san da haka, shi ya sa suka sa wurin ƙara girman rubutu a cikin saiti. Apple ya shigo da nasa tun 2013, Android 14 da ya fito a 2023 yana barin mutum ya ninka girman rubutu har sau biyu, an kuma tsara shi yadda ƙananan rubutu za su ƙaru sosai, manyan kanu su ƙaru kaɗan don kada su cika allo. Amma duk wannan yana aiki ne in mai manhaja ya yarda. Akwai ma'auni biyu da ake auna abubuwa da su a Android: ɗaya sunansa dp, ba ya motsi ko da mai waya ya sauya girman rubutu a saiti, ɗayan sp, shi ke bin zaɓin mai waya. Google ya faɗa ƙarara cewa da sp ake auna rubutu. Wasu masu manhaja sai su yi amfani da dp da gangan, ko su kulle girman ta wata hanya, don kada tsarinsu ya wargaje. Dattijo ya je an ƙara masa rubutu, saƙonninsa sun fito manya ya ji daɗi, ya buɗe manhajar da kuɗinsa ke ciki ya tarar tana nan yadda take. Wasu kuma sun bar rubutun ya girma amma sun ƙayyade tsayin layin, sai ƙasan haruffa ya yanke, ko adadin kuɗi ya hau kan suna. Na taɓa ganin jerin shige da fice inda adadin kuɗin kansa aka yanke da ɗige-ɗige. Mutum ya ga 50,0... ya rasa ko dubu hamsin ne ko miliyan hamsin. Suna in an yanke shi ana iya cankar sauran, adadin kuɗi ba a cankarsa.

Launi ma haka. An yi yayin rubuta kwanan wata da bayanin ciniki da toka-toka mai haske a kan fari. A ofis mai sanyi da labule abin yana karantuwa. A Sakkwato cikin watan Afrilu, da ƙarfe biyun rana, zafi ya haura digiri 40, wayar da kanta ta rage haske saboda zafin da ta ɗauka, gilashin kariya ya tsage, ƙura ta kwanta a kai, wannan rubutun babu shi. Akwai ƙa'idar da ƙungiyar W3C mai tsara dokokin shafukan intanet ta fitar tun 2008, wadda ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum, ta kuma ce kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da bayani. Duk da haka za ka ga kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita ba abin da ya raba su sai kore da ja, alhali akwai mutane, galibinsu maza, da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launuka biyu. Alamar tarawa da ta ɗebewa a gaban adadi, ko kalmar "shiga" da "fita", ta wadatar. A jera adadin a gefen dama, lamba ƙarƙashin lamba, da waƙafi bayan kowane uku, ido ya gane babba da ƙarami tun kafin ya karanta.

Kada a manta yadda muka tsinci kanmu a nan. Kafin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dattawa da yawa a kasuwar nan tsabar kuɗi suka sani, a ƙirga a ɗaure da roba. Wahalar waɗannan watanni ce ta tura su buɗe asusu da sa manhaja, ba sha'awa ba. Tunda an kawo su, wajibi ne a yi abin da idonsu zai iya. In ba haka ba, abin da nake gani kullum zai ci gaba: mutum mai jikoki yana miƙa wa yaron shago wayarsa, har da lambar sirri, don kawai ba ya ganin rubutu. Duk wani gargaɗin da banki ke turowa na kada ka ba kowa lambarka ya tashi a banza ke nan.

Akwai kuma haruffanmu masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Mu da ke hulɗa da mutanen Ƙonni ta hanyar Illela muna cin karo da duka biyun. Waɗannan haruffa suna cikin Unicode, wato kundin haruffan duniya da kwamfuta da waya ke aiki da shi, da daɗewa, madannan Gboard na da Hausa, kuma salon haruffa irin Noto na Google yana ɗauke da su kyauta. Matsalar tana zuwa ne in mai manhaja ya ɗauko wani salon haruffa na ado da ba shi da su. Sai waya ta aro harafin daga wani salon, ka ga Ɗ ta fita daban a jikin Ɗahiru, siririya cikin masu kauri, ko kuma akwati fanko ya tsaya a wurinta. Abin da ya fi wannan ɓata aiki shi ne jerantawa. In an bar kwamfuta ta jera sunaye bisa lambar da kowane harafi ke da ita a Unicode, Ɗ da Ƙ da Ɓ bayan Z suke faɗawa. Ka neme Ɗanladi a kusa da Dauda ka rasa, ashe yana can ƙasan jeri. Ka rubuta "Dan" a wurin bincike, ba zai kawo maka "Ɗan" ba, don a wajen na'ura haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Shi ya sa mutane suka haƙura suka daina sa ƙugiya gaba ɗaya, yaranmu kuma suna tashi suna ganin rubutun Hausa ba ita. Alhali ƙa'idar jeranta Hausa tana nan a cikin bayanan harsuna na Unicode: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Kiran ta kawai za a yi. Wurin bincike kuma a koya masa ya ɗauki d da ɗ a matsayin 'yan gida ɗaya.

Ba zan wuce ban ambaci ajami ba, a garin Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Har yau ajami na jikin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma ina da dattawa a kasuwa da ba sa ajiye suna a waya sai da haruffan Larabci. Rubutun daga dama yake farawa, wasullansa kuma a sama da ƙasan baƙi suke zama. Layin da aka matse tsayinsa yakan aske wasalin, ajami kuwa in ba wasali karatunsa ya zama canke. Akwai salon haruffa na kyauta da cibiyar SIL ta yi musamman don irin rubutunmu na Afirka ta Yamma, Harmattan da Alkalami. Ban ce kowace manhaja ta koma ajami ba. Na ce in mutum ya rubuta sunan abokin cinikinsa da shi, a bar masa sarari ya fito cikakke.

Ga masu karatu, kafin masu manhaja su waiwaye mu akwai abin da mutum zai yi wa kansa ko ya yi wa iyayensa. A shiga saiti, a nemi sashen allo, wato inda ake ƙara haske da ragewa, a nan kusa za a ga girman rubutu. A ƙara shi mataki ɗaya ko biyu, sannan a buɗe manhajojin da aka fi amfani da su a ga yadda suka karɓa. Wayoyi masu Android 12 zuwa sama galibi suna da wurin ƙara wa rubutu kauri a sashen sauƙaƙa amfani ga masu lalura, kuma ga wasu dattawan kaurin ya fi girman amfani. Mai iPhone yana iya ware wa kowace manhaja girman rubutunta daban. WhatsApp na da nasa wurin a cikin saitin hira. Wajen ajiye lamba kuma a fara da abin da ya bambanta mutum: "Wurno Abubakar albasa" ya fi "Alhaji Abubakar Muhammad Wurno" tsira daga yanka. Kalmar Alhaji da Malam da Hajiya a farkon kowane suna ita ke cinye rabin layin. Girmamawar tana nan a baki in an kira, a cikin jeri a mayar da ita ƙarshe. In manhajar bankinka na barin a sa wa mutum laƙabi, ka zauna yau ka sa wa duk masu suna iri ɗaya. Haka muka yi wa Yaya.

Ga matasanmu masu koyon wannan sana'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da cibiyoyi irin tamu, ku ne kuka san sunayenmu. Wanda ya tsara misalan da kuke kwafa daga intanet da gajerun sunaye na ƙasarsu ya gwada, shi ya sa layi ɗaya ya ishe shi. Ku cika jerin gwajinku da sunaye masu gaɓa uku da huɗu, ku sa masu Ɗ da Ƙ, ku sa adadin da ya kai miliyoyi. Ku kai girman rubutu ƙarshensa. Ku ɗora manhajar a kan ƙaramar waya mai araha, ba taku ba, ku fita da ita rana tsaka ku miƙa wa kawunku ba tare da kun yi masa bayani ba, ku yi shiru ku kalli inda yatsansa zai tsaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ina kuma kira ga Babban Bankin Najeriya da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, su dubi wannan. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi maganar gyara gine-gine don kowa ya iya shiga. Yau ƙofar banki ga mafi yawan mutane allon waya ne. Ba zai gagara ba a shimfiɗa wa duk mai manhajar kuɗi sharaɗi cewa sunan wanda za a tura wa ya fito cikakke a kowane jeri, adadin kuɗi kada a taɓa yanke shi, rubutu kuma ya bi girman da mai waya ya zaɓa.

Ranka ya daɗe Edita, kai ma ina da roƙo a wajenka. Jaridun Hausa da yawa yanzu a waya muke karanta su, kuma kanun labari a Hausa ya fi na Turanci tsawo. In aka yanke shi a rabi, wani lokaci kalmar "ba" ta ƙarshe ce ke tafiya, ko sunan wanda aka yi wa abu, mai karatu ya wuce da rabin magana ya kai majalisa. Ka sa masu kula da shafinku su buɗe shi a ƙaramar waya su duba jerin kanun, su ba su layi uku in sun buƙata, su tabbatar ƙugiyoyin na fita. In akwai mai haɗa manhaja da ke son gwada aikinsa a hannun 'yan kasuwa na gaske, ya biyo ta hannun wannan jarida, zan kai shi layin 'yan albasa a Kara ranar da kaya suka sauka.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Malamin kwamfuta,
Mabera, Sakkwato.